Baffa na son mota a leda

Maganar ta taso ne a kakar 2024, bayan an kaɗe riɗi an ɗura a buhuna. Muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i, ina karanta wa Baffa lissafin ranar da hasken waya, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, rufe littafin nan. So nake ka binciko mini kuɗin sabuwar Hilux. Sabuwa nake gaya maka, a leda, wadda ba wanda ya taɓa zuba wa kujerarta gumi."

Na ce, "Baffa, wadda kake hawa fa?"

Ya ce, "Wannan ai bazawara ce. Bature ya aure ta, ɗan Kwatano ya aure ta, wani mutumin Kano ya aure ta, sannan ta faɗo hannuna duk ta sha jiki."

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ya haura saba'in, kuma fiye da rabin shekarun nan a kasuwar shanu ta Maigatari ya yi su, duk Alhamis. Da kaka ya sayi riɗi da zoɓo ya tara. Ni malamin firamare ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da bakin iyaka, ni nake riƙe masa littafi, shi ya sa yake ce mini Malam, rabi girmamawa rabi zolaya. Sau ɗaya a rayuwarsa ya shiga sabuwar mota. A 1981 ne, yana yaron wani attajiri, suka je Kaduna ɗauko Fijo 504 daga kamfanin da ke haɗa ta a Kakuri. Har gobe in ya tashi ba da labarin, ƙamshin cikin motar yake fara faɗa kafin launinta. Lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja, Kaduna na haɗa Fijo tun 1975, Legas na haɗa Volkswagen, Bauchi na da Steyr, Kano na da nata kamfanin manyan motoci na Fiat. Ya ce har mutanen Damagaram kan tsallako su sayi Fijon Kaduna su koma da ita.

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya Kawu ya shigo kasuwa da bisashensa. Kawu yayan mahaifiyata ne, gidansa na can ƙasar Dungas, cikin Nijar, tafiyar da ba ta kai awa biyu a babur ba in yashi bai yi yawa ba. Da ya ji zancen, sai ya tuntsire da dariya ya ce wa Baffa, "Haba Alhaji, me zai kai ka Kano ko Legas? A wajenmu ai ta fi araha nesa ba kusa ba. Bari in sa yaron nan na Yamai ya turo maka takarda."

Kafin magariba takardar ta shigo wayata ta WhatsApp, hoton farashi daga wani kamfanin sayar da motoci a Yamai, da Faransanci. Na duba adadin sefar, na kira wani ɗan canji da na sani a Wapa, kasuwar canji ta Kano, ya gaya mini yadda ake sayar da sefa a ranar, na buga. Na kuma kira Kano na ji kuɗin irin motar a can. Bambancin da ya fito miliyoyin naira ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Baffa ya gyara hula ya ce, "Ka gani ko? Garke guda ake so a ci mana a banza." A daren nan har ya fara lissafin wanda zai raka shi Yamai.

Laifina ne, kuma na amsa. A gefen adadin akwai wasu haruffa biyu, H da T, ƙanana, ban kula da su ba. Na ɗauka irin lambobin nan ne na samfurin mota. Sai bayan kwana uku da na kira ɗan Kawu in tambaye shi masauki, ya ce, "Yaya, ka dai lura wannan kuɗin HT ne ko? Ba haraji a ciki. Wanda mutum irina da kai zai biya shi ne wanda aka rubuta TTC." Ashe farashin da na yi ta bugawa na waɗanda gwamnati ta yafe wa haraji ne, irin ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji da manyan ayyukan raya ƙasa. Fararen motocin nan da Kawu yake gani suna wucewa ta garinsu da tambari a ƙofa, yawancinsu a kan wannan farashin aka sayo su. Talaka ko attajiri in ya je saye, sai an ɗora masa kuɗin duwan, wato kwastan ɗinsu, sannan a ɗora harajin da suke kira TVA, kashi 19 cikin 100. Namu na VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kafin nan ma 5 ne. Da na sake bugawa, garken da Baffa ya hango ya watse, ko ɗan maraƙi bai rage ba. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Amma Kawu bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya sa na ci gaba da tonawa maimakon in rufe zancen. Abin da ya faɗa gaskiya ne a wani zamani, zamanin ne ya wuce shi bai sani ba.

A ƙarshen 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin farfaɗo da haɗa motoci a cikin gida. Dabarar ita ce a tsawwala wa motar da aka shigo da ita a haɗe, a sauƙaƙa wa wadda aka kawo a warwatse don a haɗa ta a nan. Ƙaramar mota aka sa mata kuɗin fito kashi 35 cikin 100, aka ƙara wani harajin kashi 35 a kai, ya zama 70. Motocin kaya da bas-bas aka bar su a 35. Ita kuwa wadda ta zo gunduwa-gunduwa, ko kwabo. A daidai lokacin, Benin da Nijar kashi 20 suke karɓa a kan ƙaramar mota. Ɗauki misali: a ce mota ta sauka a bakin teku a kan dala 30,000, har da kuɗin jirgi da inshora. A Legas in ka ɗora 70 ta zama 51,000, ka ƙara VAT na lokacin ta haura 53,000. A Nijar in ka ɗora 20 sannan ka ɗora 19, ba ta kai 43,000 ba. Ban sa ƙananan caje-caje ba, kuma kowane gefe na da nasa. Mota ɗaya, kamfani ɗaya, wataƙila ma jirgi ɗaya ne ya kawo su, amma dala 10,000 tsakani. Wa zai ga wannan ya kau da kai?

Shi ya sa Kwatano ta zama Kwatano. Filayen motoci da ke kan hanyar Kwatano zuwa Seme ba don mutanen Benin aka cika su ba, ƙasar ba ta da masu sayen da za su kwashe su. Da yawa a takarda Nijar za su, sai su bi ta Parakou su haura gadar Malanville zuwa Gaya, su ɓullo Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan a tsakar dare su bi ta daji su kwana a Najeriya. Mu da muke bakin iyaka mun san ƙarar motar 'yan fasa-ƙwauri, ba fitila, ba tsayawa, sai ƙura da safe da sawun taya a gonar gero. An sha taka mana wake.

Gwamnatin Buhari ta zo ta ce daga 1 ga Janairun 2017 ba a shigo da mota ta kan tudu, sabuwa ko tsohuwa, sai ta tashar jiragen ruwa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu. Da aka tashi buɗewa a Disamban 2020, guda huɗu aka fara da su, Seme da Illela da Mfum da tamu ta Maigatari, amma aka ce mota da shinkafa suna nan a haramce. Wato ko da takardar Yamai ta yi daidai da yadda na fara karanta ta, Baffa ba shi da ƙofar da zai shigo da motar ta halal a nan kusa. Na ce masa ko da ƙofar na nan, biya biyu zai yi. Sassaucin da ke tsakanin ƙasashen ECOWAS na kayan da aka yi a cikin yankin ne. Hilux kuwa daga Durban ta Afirka ta Kudu take zuwa ko daga Tailan, saboda haka in ka biya duwan a Nijar, kwastan ɗinmu ba ruwansu, nasu daban. Balle yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar ma, ita da Mali da Burkina Faso, tun Janairun 2025.

Akwai wani bawan Allah a wani ƙauye kusa da mu da ya yi wa kansa wannan wayon shekarun baya. Jif ce mai kyau, an kawo masa ita da daddare, ba takardar fito. Har yau motar ba ta san kwalta ba. Ɗaurin aure a rugage, zuwa gona, kai mai naƙuda wajen unguwarzoma, duk tana yi. Amma in Kano za shi, sai ya ajiye ta a gindin darbejiya ya hau motar haya, don ya san akwai shinge a hanya. Yara suna ce mata amaryar kulle. Da na tuna wa Baffa da shi, sai ya ce, "A'a, ni ba zan sayi abin da zan riƙa ɓoyewa ba da furfurata."

Wancan haraji na 70 an rage shi daga baya, tun daga dokar kuɗi ta 2020, kuma an yi ta taɓa shi bayan nan, a ɗaga nan a sauke can, har dillalan kansu sukan ce sai ranar da ka je fitar da mota kake sanin kuɗinta. Motocin gida da aka yi don su kuwa, akwai Innoson a Nnewi, akwai sabon kamfanin Fijo da Ɗangote ya shiga a Kaduna, amma ni dai ban taɓa ganin ɗaya a hannun wani ɗan ƙauyenmu ba. Ra'ayina, an hana mu ta waje kafin ta gida ta isa, aka bar mu a tsakiya da bazawarai.

Sai dai duk wannan zancen haraji ƙaramin alhaki ne in aka kwatanta da abin da canji ya yi. Nan ne ainihin inda kuɗin motar Baffa ya tafi.

Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, haka yake jiya, haka yake yau. Rabon da a karya darajarta tun Janairun 1994, lokacin da aka raba ta biyu dare ɗaya, kuma Kawu har yanzu yana tuna wannan shekarar kamar shekarar fari. Naira kuwa a farkon 2023 gwamnati na sayar da dala a wajen 460. A watan Yuni aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Koma kan motar nan ta dala 30,000. A canjin farko naira miliyan 13.8 ce. A na biyu miliyan 45. Ba a ƙara mata ko ƙusa ɗaya ba. Kuma kwastan da canjin Babban Banki suke lissafin fito, don haka shi ma fiton ya ninka sau uku ko da ba a taɓa kason ba. A wajen Kawu fa? Dala tana yawo ne a wajen sefa 600, motar tana nan a kusan miliyan 18 kafin da bayan. Shi bai ji komai ba. Mu ne ƙasa ta zame mana a ƙarƙashin ƙafa.

Ina yaro ana canza jakar sefa a kan naira ɗari uku da 'yan kai. A kakar da nake ba da labari ta kai wajen 2,500. Kalmar jaka ɗin ma abin dariya ce: a wajen su Kawu jaka sefa 1,000 ce, a wajen tsofaffinmu kuwa jaka naira 200 ce, tun zamanin fam ɗari. Su kuma ƙananan kuɗi da dala suke ƙirga su, dala ɗaya sefa 5. An sha yin rigima a kara saboda baƙon dillali ya ji "jaka hamsin" ya fassara da tasa jakar.

Abin da na lura da shi a littafin Baffa shi ne, shi wannan faɗuwar ba ta kayar da shi ƙasa warwas ba. Riɗi waje ake fita da shi, da dala ake sayensa a can, saboda haka da naira ta faɗi kuɗin buhu ya tashi. Shanu kuma da yawansu daga Nijar suke shigowa, mai su da sefa yake lissafi, su ma suka tashi, na hannun Baffa suka bi su. In da bijimai za a auna motar, ta yi tsada amma ba ninki uku ba. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai albashi irina. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Raba miliyan 45 da shi ka gani: wata 640 da ɗoriya, sama da shekara 53, ba ci ba sha, kuma wannan kafin a biya fito. Na buga wannan lissafin ne don kaina, ban karanta wa Baffa ba.

Sannan ga hanya. Nijar ba ta da teku. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayanta ta Kwatano suke biyowa, wajen kilomita 1,000 zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin aka rufe iyakoki. Tamu an buɗe ta a Maris ɗin 2024, amma Nijar ta bar tata da Benin a rufe, sai kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kowane kwana da babbar mota ta yi tana jiran ayari, a kan mai saye yake ƙarewa. Daga Yamai zuwa Damagaram kuma wasu kilomita 900 ne. Mu da muke ganin Legas ta yi mana nisa, ashe muna da sauƙi.

Wani abin da ɗan Kawu ya ƙara jawo hankalina a kai shi ne garanti. Kowace ƙasa da wakilin da kamfani ya ba izinin sayarwa, shi ke yanka farashinsa gwargwadon yawan masu saye da abokan gasa, kuma shi ke ɗaukar nauyin gyara in wani abu ya lalace cikin wa'adi. A Najeriya ga wakilai, ga kuma 'yan kasuwa masu ɗauko sababbi daga Dubai su karya farashi. Ka sayo a wata ƙasa ka kawo nan, in inji ya yi tari, kana iya zuwa a ce maka ba mu muka sayar maka ba.

Da nake ta bincike a waya na ci karo da wani abin da ya sa na daina ganin kamar mu kaɗai aka tsana. Singafo da Malesiya gada ce tsakaninsu, ba ta fi kilomita guda da 'yan kai ba. A Singafo kafin ka sa mota a titi sai ka sayi takardar izini ta shekara 10 a gwanjo, kuma a 2023 kuɗin takardar kaɗai ya haura dalar Singafo 100,000, ban da kuɗin motar. Da gangan suka yi, don ƙasar ƙarama ce ba sa son cunkoso. Har doka suka kafa cewa motarsu ba ta tsallaka gadar sai tankinta na da aƙalla kashi uku cikin huɗu na mai, don kada mutane su riƙa zuwa maƙwabta shan mai araha. Da na karanta wa Baffa wannan ya yi dariya har da tari, don ya tuna 2019 da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, muka koma saye a galan muna 'yan ƙasa. Ya ce, "Ashe su ma suna da Maigatarinsu."

Mun yi kusan wata biyu muna wannan. Na kai masa lissafi kala uku a takarda: ta wakili, ta 'yan Dubai, da 'yar Kwatano mai ƙananan shekaru da cikakkiyar takardar fito. Ya sa na karanta masa sau biyu. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya tambaye ni buhu nawa na riɗi ke cikin sito, na faɗa masa. Ya ce, "In na saye ta, da me zan shiga kasuwa baɗi? Mota ba ta haihuwa, Malam." Washegari ya sa aka kai tsohuwar motar tasa Gumel aka sauke mata inji.

Bayan sallar azumi sai ga Kawu ya zo, ba ranar kasuwa ba, da kuɗi ƙulle a cikin rawani. Wai so yake in raka shi Kano ya sayi babur. Na ce, "Kawu, ba a wajenku komai ya fi araha ba?" Ya ce, "Kai dai tashi mu tafi, ɗan nema." Da ya canza sefarsa a Wapa, nairar da aka zubo masa sai da muka nemi leda. Ya ce ko ya biya duwan a can gefen, ya ci riba. Baffa da ya ji inda za mu, ya ce ba za a bar shi a baya ba, shi ma ya shiga mota.

Boxer biyu muka saya, a kwali. Baffa ya ja kujera ya zauna a gaban makanikin tun daga yanke igiyar kwalin har ɗaura madubi, bai yarda ya je ko cin abinci ba. Da yaron ya kai hannu zai yage ledar sirdi, Baffa ya buge masa hannu da sanda.

Shi ba ya iya tuƙa babur, jikansa ne ke goya shi zuwa masallacin Juma'a. Ledar ta yayyage ta gefe, ta yi baƙi, ranar nan na ga ya sa an ɗaure ta da roba.